Wa Ke Rubuta Tarihin Ƙasa? Sharhi Kan Aikin Dakta Yusufu Bala Usman

Da wuya a yi gardama kan sarauta, ko fili, ko kan wane ne ɗan gari wane ne baƙo, ba a ji wani ya ce "ai tarihi ya nuna" ba. A Bauchi ana jin wannan magana duk lokacin da batun neman sabuwar masarauta ya taso, ana kuma jin ta a rediyo da shafukan sada zumunta idan an shiga cacar baki kan Hausa da Fulani. Masu faɗin ta sun kasu biyu. Wasu na ɗaukar tarihi a matsayin abin da aka gama rubutawa, sai dai a buɗe a karanto. Wasu kuma sun yanke ƙauna, suna cewa duk ƙarya ce ta waɗanda suka ci yaƙi. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan kuskure guda: suna zaton aikin malamin tarihi shi ne ya tsaya wa danginsa, ya jero musu asali mai daɗin ji.

Hanya mafi sauƙi ta warware wannan ruɗani ita ce a duba rayuwar ilimi ta mutumin da ya shafe fiye da shekara talatin yana fama da shi, wato Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sannan a gwada hanyarsa a kan tarihin kafuwar Bauchi.

Ma'anar kalmomin

Tarihi, kalmar da Hausa ta aro daga Larabci, tana ɗauke da abu biyu: abin da ya faru, da labarin da aka bayar game da abin da ya faru. Na farko ya wuce, ba ya canzawa. Na biyu mutane ne ke tsara shi, kuma yana canzawa idan an samu sabuwar shaida ko an yi sabuwar tambaya.

Nazarin rubutun tarihi wani reshe ne na ilimin, wanda ke bincikar marubutan su kansu: wa ya rubuta, yaushe, don wa, da wace shaida, me ya bari bai faɗa ba. Tarihin ƙasa kuwa shi ne labarin da ake tsarawa a nuna cewa mutanen da ke cikin iyaka ɗaya al'umma ɗaya ce mai asali da makoma guda. Shi ake sawa a littattafan makaranta. Madogara ita ce shaidar da mai bincike ke jingina da ita, ko takardar Larabci ce, ko rahoton Bature, ko labarin baka, ko kufai da ganuwa. In an ce "mazhabar Ibadan" ko "mazhabar Zariya" kuma, ana nufin gungun malaman da suka yi tarayya a hanyar bincike.

Misalin Girka

Ba Nijeriya kaɗai ke da wannan matsala ba, kuma ƙasar Girka ta fi kowa nuna yadda ake gina tarihin ƙasa. Girkawa sun fara yaƙin ƙwatar kai daga daular Turkawa a 1821, aka amince da ƙasarsu a 1830. A wannan shekara wani malami mai rubutu da Jamusanci, Jakob Fallmerayer, ya fito da da'awar cewa Girkawan zamani ba jikokin Girkawan dā ba ne, zuriyar wasu al'ummu ne da suka kwararo daga arewa. Maganar ta yi wa sabuwar ƙasar zafi, domin goyon bayan da Turai ta ba ta ya jingina ne da sunan su Aflatun da Aristo.

Amsar ta zo daga Konstantinos Paparrigopoulos, malamin tarihi a Jami'ar Atina, wanda ya soma fitar da babban littafinsa na tarihin al'ummar Girka a 1860. Ya ɗinke zamani uku wuri guda: Girka ta dā, daular Rumawan gabas mai hedikwata a Ƙusɗanɗiniyya, da Girka ta zamani, ya ce al'umma ɗaya ce ba ta taɓa yankewa ba. Wannan tsari ya shiga makarantu, ya kuma ƙarfafa burin faɗaɗa ƙasar zuwa Asiya Ƙarama, burin da ya ƙare da mummunan shan kashi a 1922. Daga baya malamai irin su Antonis Liakos na Jami'ar Atina suka mai da shi kansa wannan labari abin bincike, suna tambayar yadda aka yi aka gina shi. Har yau batun bai huce ba: a 2007 gwamnatin Girka ta janye wani littafin tarihi na aji shida na firamare bayan an zarge shi da rage nauyin wahalar da Girkawa suka sha a hannun Turkawa.

Abin lura a nan shi ne, Fallmerayer da abokin gardamarsa duk sun yarda da abu ɗaya, cewa dole al'umma ta tabbatar da daɗaɗɗen asali kafin ta cancanci ƙasa. Wannan zato ne Bala Usman ya ƙi yarda da shi a Nijeriya.

Abin da ya tarar

Ƙasar Hausa da Barno sun daɗe da rubuta tarihinsu. Imam Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infakul Maisuri, Abdullahin Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati, dukkansu a farkon ƙarni na 19. Akwai Tarihin Kano da ya jero sarakuna tun daga Bagauda. A ƙarni na 20 Wazirin Sakkwato Junaidu ya ci gaba da wannan gado.

Da Turawa suka zo sai suka ɗora nasu fassarar. Jami'ai irin su H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano a 1908, sun tattara takardu masu yawa, amma sun karanta su da wani tunani da ya yi tashe a Turai a lokacin: wai duk wata daula ko wayewa a Afirka wasu baƙi ne masu hasken fata suka kawo ta daga gabas ko arewa. Da wannan ido suka kalli labarin Bayajida, da shi kuma suka kalli jihadin 1804, suka mai da shi yaƙin ƙabila, Fulani sun ci Haɓe. Fassarar ta yi musu amfani, domin tana nuna cewa mulki a nan kullum na wanda ya ci da yaƙi ne, su kuma su ne na ƙarshe da suka ci.

Martanin farko ya fito daga Jami'ar Ibadan. Kenneth Dike, wanda littafinsa kan ciniki da siyasa a yankin Neja Dalta ya fito a 1956, ya jagoranci kafa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a 1954 da Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya a 1955. Shi da su J. F. Ade Ajayi sun nuna cewa Afirka na da tarihin kanta, kuma labarin baka madogara ce da za a iya tantancewa. A Ibadan ɗin ne Murray Last ya rubuta kundinsa kan daular Sakkwato, wanda aka buga a 1967, ya dogara da takardun gidan Waziri.

Mutumin da ya kawo wannan aiki Arewa shi ne H. F. C. Smith, Baturen Ingila da ya koyar a Ibadan kafin ya kafa sashen tarihi a Zariya a 1962. Ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kafa cibiyar bincike ta Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya rasu a 1984. A wata maƙala ta 1970 ya nuna cewa labarin Bayajida bai isa ya bayyana kafuwar daulolin Hausa ba. A ganinsa, daga cikin ƙasar abin ya taso: ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, a wuraren da ke da ƙasar noma, da tama, da hanyar fatauci, da duwatsun tsafi irin Dala da Kufena.

Daga Musawa zuwa Samaru

An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa ta ƙasar Katsina a 1945. Ɗan sarauta ne ta ko'ina: jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta wajen uba, jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ta wajen uwa. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Lankasta ta Ingila, ya dawo a 1967 ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya kammala digirin dakta a 1974 da kundi kan Katsina. An buga aikin a matsayin littafi a 1981, ya ɗauko labarin daga wajen 1400 zuwa 1883.

A wannan littafi ne hanyarsa ta fito sosai. Maimakon ya tambayi wace ƙabila ce ta ci wace, sai ya tambayi yadda tsarin sarauta ya ginu, wa ke riƙe da ƙasa, wa ke karɓar haraji, ina malamai da fatake da makiyaya da masu sana'a suke a cikin tsarin, kuma me ya tsage a cikinsa har aka iya kifar da shi. Ya nuna cewa Katsinawa ba zuriyar kaka ɗaya ba ce. Birnin da garuruwansa sun cika da Wangarawa, da Barebari, da Azbinawa, da Fulani, da wasu da dama, waɗanda zama tare da sana'a da aure suka mayar Katsinawa. Da jihadi ya zo, akwai Hausawa a cikin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, akwai kuma Fulanin da ba su bi ba. Gidan sarautar da aka kora ya je ya kafu a Maraɗi, don haka tarihin Katsina ba ya cika idan an tsaya a iyakar da Ingila da Faransa suka shata.

Abu na biyu da aka san shi da shi shi ne tsananin tantance madogara. A wani nazari da ya yi kan Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya iso Katsina a 1851 da sunan Abdulkarim, ya nuna cewa kasancewar mutum ya gani da idonsa ba ta wanke shi daga bincike ba. Sai an tambayi wa ya aiko shi, da wa ya zauna, wane harshe ya ji, wane tunani ya zo da shi daga gida. Haka ya soki M. G. Smith, marubucin littafin mulkin Zazzau na 1960, kan yadda ya ɗauki "Haɓe" da "Fulani" kamar wasu rukunai tsayayyu da ke bayyana komai. Wannan ma'auni bai tsaya kan Turawa ba. Takardar da malamin fada ya rubuta da labarin da dattijo ya bayar a zaure, su ma sai an yi musu tambayoyin nan.

Bai tsare kansa a aji ba. Yana cikin kwamitin tsara kundin mulki da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975, inda shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye suka rubuta nasu a 1976. Ya yi Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin mulkin jam'iyyar PRP. A 1987 ya fitar da littafi kan yadda masu mulki da masu kuɗi ke wasa da addini don kare muradunsu. Gwamnatin soja ta sa an raba shi da aikinsa a ƙarshen shekarun 1980, ya je kotu ya dawo. Daga baya ya kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Hanwa, Zariya, inda shi da Alkasum Abba suka fitar da littafi a 2000 suna ƙalubalantar masu cewa Nijeriya tarkacen ƙabilu ne da Lugga ya ɗaure da ƙarfi a 1914. Hujjarsu ita ce yawancin manyan ƙabilun da ake magana a kansu yau, a siffarsu ta yanzu, tare da Nijeriya suka ginu, kuma ciniki da ƙaura da auratayya sun haɗa yankunan tun kafin Bature. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005, ana kiran sa Dakta Bala, alhali ɗalibansa da dama sun zama farfesoshi.

A gwada hanyar a Bauchi

Wanda ya fita daga cikin garin Bauchi ta hanyar Gombe zai wuce ta Inkil, wadda yau gari ya kusa haɗiye ta. Tarihin masarautar yana ambaton ta a matsayin wurin da Malam Yakubu ya yi sansani kafin ya kafa birnin Bauchi a wajen 1809. Yakubu ɗan Dadi almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ya yi karatu a wurinsa shekaru, ya karɓi tuta, ya yi mulki har 1845. Kuma Bageri ne, wato ɗan ƙabilar Gerawa ta ƙasar nan, ba Bafulatani ba.

Wannan gaskiya guda ta isa ta girgiza fassarar Turawa. Idan jihadi yaƙin ƙabila ne, yaya aka yi Shehu ya ba Bageri tuta, alhali akwai malamai da ardo-ardon Fulani a yankin? Amsar da ta fi dacewa da shaida ita ce ilimi da almajirci da amana su ne ma'aunin, kuma jama'ar da ta taru wa Yakubu gauraye ce: Gerawa, Fulani, Hausawa, Barebari da sauransu. A. Y. Aliyu ya bi diddigin yadda aka gina wannan mulki daga 1805 zuwa 1903 a kundinsa na digirin dakta a Zariya, wanda ya kammala a shekarar da Bala Usman ya kammala nasa.

Sai a juya a dubi Ningi. Turjiyar da ta fi damun Bauchi da Kano a rabin ƙarni na 19 na biyu ta fito ne daga duwatsun Ningi, kuma waɗanda suka jagorance ta malamai ne Hausawa Musulmi da suka baro ƙasar Kano a shekarun 1840 a ƙarƙashin Malam Hamza, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse. Ga Bageri yana riƙe da tutar Sakkwato, ga malaman Hausa suna jagorantar waɗanda ba Musulmi ba wajen yaƙar masarautu. Duk wanda ya zo da ma'aunin ƙabila ko na addini kaɗai, ba zai iya bayyana ko ɗaya daga cikin biyun ba. Sai an shigo da batun haraji, da bauta, da ƙasa, da rikicin malamai da fada.

Hatta sunan garin yana buƙatar irin wannan tantancewa. Labarin da ya shahara shi ne an samo shi daga wani maharbi mai suna Baushe. Amma Mahdi Adamu, a littafinsa na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, ya yi bayanin cewa Hausawa na kiran faffaɗan yankin da ke kudu da su "ƙasashen Bauchi" tun kafin a gina birnin. Mai bincike ba zai jefar da labarin maharbin ba, domin yana nuna yadda mutanen gari ke tuna cewa akwai waɗanda aka tarar a wurin. Zai dai ajiye shi kusa da ɗaya shaidar, ya auna.

Masu suka

Ba kowa ya yarda da Bala Usman ba, kuma wasu daga cikin sukar suna da nauyi.

Malamai masu kallon jihadi ta fuskar addini, irin su Ibraheem Sulaiman da Usman Bugaje, sun fi mai da hankali kan tajdidi, wato sabunta addini, da tarbiyyar da Shehu ya yi wa jama'a. A ganin masu wannan ra'ayi, mazhabar Zariya, musamman bayan ta karkata ga Markisanci, tunanin Karl Marx da ke bayyana tarihi ta hanyar gwagwarmayar masu dukiya da talakawa, ta rage wa imani matsayinsa. Akwai gaskiya a nan. Mutumin da ya bar gidansa ya bi Shehu hijira zuwa Gudu ya faɗi dalilinsa da bakinsa, kuma bai kamata mai bincike ya yi kamar ya fi shi sanin zuciyarsa ba.

Suka ta biyu ta fito daga Kudu. Farfesa Peter Ekeh ya mai da wa Bala Usman martani mai zafi a 2001, yana zarginsa da amfani da tarihi don raunana haƙƙin mutanen Neja Dalta a kan ƙasarsu da man da ke cikinta. Ta uku kuma ta shafi Bauchi kai tsaye. Ƙananan al'ummu na kudancin jihar da na tsakiyar Nijeriya suna da nasu tunanin na hare-haren bayi da na mulkin da Turawa suka ɗora musu ta hannun hakiman masarautu bayan cin Bauchi a 1902, batun da Moses Ochonu ya yi littafi a kansa a 2014. Idan aka ce wa ɗan ɗaya daga cikin waɗannan al'ummu, kamar Basayi, ƙabila abu ne da tarihi ya gina, yana iya jin kamar ana so a share kukansa ne. Rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 da waɗanda suka biyo baya sun nuna cewa wannan ciwo yana nan.

A nan ya kamata a raba abu biyu. Cewa ƙabila ginanniya ce ba ya nufin zaluncin da aka yi da sunanta bai faru ba. Hanyar Bala Usman, in an bi ta da gaskiya, ita ce ma ke tilasta a je Bogoro da Dass da Ningi a ɗauki labarin mutanen can da darajar da ake ba takardun fada, a kuma tantance su da ma'auni ɗaya. Inda za a iya kama shi shi ne, shi ma yana da ƙasar da yake son ginawa. Kishinsa na haɗin kan Nijeriya ya sa wani lokaci ya fi ganin abin da ya haɗa fiye da abin da ya raba. Ta wannan fuska shi ma marubucin tarihin ƙasa ne, kuma ya cancanci a yi masa tambayoyin da ya yi wa Barth. Bambancinsa da Paparrigopoulos shi ne bai nemi ya ƙirƙiro wa Nijeriya kaka ɗaya ba. Ya ce ƙasa na iya tsayuwa a kan zama tare da adalci, ko da asalin mutanenta ya bambanta.

Abin da ke gaba

A ƙarshen shekarun 2000 an cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare, aka narkar da shi cikin darasin zamantakewa. Gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da shi, aka yi bikin ƙaddamarwa a Nuwamba 2022. A tsakanin nan an yaye ɗalibai masu yawa da suka koyi tarihinsu daga gajerun saƙonnin waya, inda tsohuwar fassarar Palmer ta dawo da sabon kaya, matasa na yaɗa ta suna zaton sabon bincike ne.

Dawo da darasin zai iya haifar da ɗaya daga cikin abu biyu. In an mai da shi haddar sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu, kowace al'umma za ta nemi a sa nata jerin, a koma irin rigimar littafin Girka ta 2007. In kuwa an koya wa yaro ya tambayi wa ya faɗa, yaushe, da wace shaida, to ɗalibin Inkil zai iya fara aikin daga unguwarsu, ya kwatanta abin da dattawa ke faɗa kan sansanin Yakubu da abin da ke rubuce.

Wannan na buƙatar kayan aiki, kuma a nan ne gibin ya fi girma. Kundayen da aka rubuta a Zariya kan Bauchi da Katagum da Gombe yawancinsu suna ɗakin karatu da Turanci, ba a buga su ba, balle a mayar da su Hausa. Rahotannin Lardin Bauchi suna gidan adana takardu na Kaduna, takardun Larabci kuma suna warwatse a gidajen malamai, gara da damina na cin su. Jami'ar Sa'adu Zungur da kwalejojin ilimi na jihar su ne suka fi kusa da wannan aiki: ɗaukar hoton takardun, naɗar muryoyin tsofaffi cikin Geranci da Jaranci da Sayanci tun masu jin harsunan sosai suna raye, da fassara kundin A. Y. Aliyu don malamin firamare ya samu abin da zai shiga aji da shi.